Intanet ta taimaki masu kananan wakoki, ko manya ta kara wa karfi?

Dan uwa ka tambaya cewa tunda yanzu waka ta koma cikin waya, kowa na iya dora tasa duniya ta ji, shin masu irin wakokin nan da ba kowa ke saurara ba sun samu mafita kenan, ko dai har yanzu manyan mawaka ne ke kwashe komai. Toh ni harkar da nake ciki kenan, dora wakoki a manhajoji da bibiyar lissafin abinda suke kawowa, kuma abinda zan ce maka tun farko shine intanet ta saukaka wa karamin mawaki a same shi, amma bata saukaka masa a biya shi ba. Mutane na yawan hade abubuwan nan biyu wuri daya, shi yasa ake ta musu ba a gama ba.

A da matsalar wuri ce. Faifai ko kaset ko sidi abu ne mai jiki, sai an buga shi a masana'anta, an loda a mota, an kai shago, shagon kuma yana da iyakar abinda kantarsa zata dauka, saboda haka mai shago ba zai ajiye abinda mutum biyu kawai zasu nema a shekara ba. Gidan rediyo ma haka, awa 24 ce a rana ba kari. Duk wakar da masoyanta suke a warwatse, goma a wannan gari biyar a wancan, ta mutu kenan a kasuwa ko da kuwa in ka hada su duka zasu kai dubbai. Abinda ya fara rusa wannan tsari shine MP3, wanda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka taka rawa sosai wajen kirkiro shi a farkon shekarun 1990, ya matse waka ta zama karamin fayil da za a iya turawa. Sai manhajar Napster ta fito a 1999 mutane suka rika musayar wakoki kyauta, kotu ta sa aka rufe ta a 2001 amma ai an riga an dandana. Apple ta bude shagon iTunes a 2003 tana sayar da waka daya-daya, nan ma wani babban sauyi ne domin ba dole sai ka sayi kundi gaba daya saboda waka daya da kake so ba. YouTube ta zo 2005, manhajar sauraron waka ta Spotify ta fara aiki daga Suwidin a 2008. A tsakanin nan kudin shigar masana'antar ya yi ta zubewa tun daga 1999 har zuwa wajen 2014 inda ya sauka kasa da dala biliyan 15 a duniya baki daya, daga nan ya fara farfadowa, IFPI, kungiyar kamfanonin waka ta duniya, ta ce a 2023 ya kai biliyan 28.6 kuma kusan kashi biyu cikin uku daga sitirimin yake fitowa, wato sauraro kai tsaye ta intanet ba tare da ka mallaki wakar ba.

A 2004 wani dan jarida mai suna Chris Anderson ya yi rubutu a mujallar Wired da ya ja hankali sosai, hujjarsa itace tunda shagon intanet bashi da iyakar kanta, to dimbin kananan kayan da kowanne ke samun masu saye kadan, wadanda ya kira doguwar jela, in aka hada su zasu iya gogayya da 'yan tsirarun da suka yi fice. A bangaren samuwa maganarsa ta tabbata dari bisa dari. Spotify kadai tana da wakoki sama da miliyan 100, kuma da kamfanoni irinsu DistroKid, TuneCore da CD Baby, yaro a dakinsa da kwamfuta da makirfo zai iya tura wakarsa duk manyan manhajoji cikin 'yan kwanaki ba tare da ya durkusa wa wani kamfani ba.

Misalin da nake yawan kawowa shine na Mdou Moctar, makadin jita dinnan Ba'abzine dan Nijar. Wakokinsa na farko ba ta rediyo ko shago suka yadu ba, ta memori da bulutut suka rika tafiya daga waya zuwa waya a yankin Sahel, mutum ya ji a wayar abokinsa yace turo min, har suka tsallaka kasashe mutane na saurara wasu ma basu san sunan mai wakar ba. Wani Ba'amurke mai karamin kamfanin Sahel Sounds ya tattara irin wadannan wakoki daga wayoyin mutane ya fitar da su a kundi, ya bi sawu ya nemo masu su, daga baya Mdou Moctar ya kai ga sa hannu da kamfanin Matador yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. A tsohon tsari wallahi da wuya hakan ta faru, wane mai shago ne a can zai ajiye kidan jita da Tamashek, yaren Abzinawa. Haka kidan amapiano ya taso daga unguwannin Afirka ta Kudu ana tura shi ta WhatsApp kafin manyan kamfanoni su farga, haka wakokin Koriya suka samu masoya a kasashen da ba a jin ko kalma daya ta yaren. Kaga ta nan fannin babu gardama, kofa ta bude.

Amma fa ka tsaya ka duba daya bangaren. Kamfanin Luminate dake kididdigar sauraro ya ce a 2023 akwai wakoki kusan miliyan 184 a manhajojin, daga ciki sama da miliyan 158 ba a saurare su fiye da sau 1,000 ba a shekarar, kuma sama da miliyan 45 ko sau daya ba wanda ya kunna su. Ko sau daya fa. A wannan shekarar ana dora sababbin wakoki sama da 100,000 a kowace rana. Kenan karancin wuri ya kare amma karancin lokacin mai sauraro na nan daram, kunne biyu ne da kai kuma awowin da zaka iya saurara basu karu ba. Tun 2008 wata malamar jami'ar Harvard, Anita Elberse, ta bincika alkaluman ciniki ta nuna cewa jelar tana kara tsawo ne tana kara sirancewa, su kuma na sama suna kara kiba. Abinda nake gani a lissafi kullum ya fi kama da maganarta.

Yanzu bari in shiga yadda ake biya, domin nan ne ainihin inda karamin mawaki ke shan wahala kuma yawancin masu sauraro basu sani ba. Mutane na dauka akwai tsayayyen farashi, duk kunnawa daya kaza ne. Ba haka bane. Abinda Spotify da yawancin irinta suke yi shine, a kowace kasa a kowane wata su hada kudin da masu rajista suka biya da na talla wuri daya, su cire nasu kason wajen kashi daya cikin uku, sauran a raba gwargwadon yawan kunnawa. A ce ka biya dala 10 a wata, kuma duk watan mawaki daya tak ka saurara, wani dattijo mai kidan gargajiya da kake kauna, ka kunna shi sau 50. Hankali zai baka cewa dala 6 da wani abu zasu je wajensa. A'a, kudinka sun shiga asusun kowa da kowa, shi abinda zai samu shine kason sau 50 dinnan a cikin biliyoyin kunnawar da aka yi a watan, 'yan kwabbai kenan, mafi yawan kudinka sun tafi wajen taurarin da ko sunansu baka taba nema ba. Tsarin yawan kunnawa yake kirgawa, baya kirga yadda mutum ya damu da waka, kuma masu kananan wakoki abinda suke da shi kenan, mutane kadan masu tsananin so.

Sannan ko wannan 'yan kwabban ba kai tsaye suke zuwa hannun mawaki ba, masu hakkin mallaka ake biya, wato kamfanin da ya fitar da wakar ko mai rarrabawa, da masu kula da hakkin wanda ya rubuta, su cire nasu sannan su mika saura gwargwadon yarjejeniya. Manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke rike da mafi girman kaso na kasuwar kuma su ke da karfin zama a tebur su sasanta sharudda. Kari akan haka tunda kasa-kasa ake lissafin, kuma kudin rajista da na talla sun fi yawa a kasashe masu arziki, kunnawa daya daga Norwe ko Amurka tana iya ninka wadda aka yi daga kasa mai karamin karfi sau da yawa. Mawakin da masoyansa duk suna kasashe matalauta ne kuma a tsarin kyauta suke saurara zai iya ganin miliyan a allonsa amma in kudin suka zo ya rike baki. Na sha zama da masu waka ina musu wannan bayanin, kuma abin na taba ni duk lokacin, domin mutum yayi aikinsa, mutane sun ji sun so, lissafin ne kawai ba a gina shi domin irinsa ba.

Daga 2024 Spotify ta kara wani sharadi, duk wakar da bata kai kunnawa 1,000 cikin watanni 12 ba bata samun ko sisi daga kason masu rikodin, kudin su koma asusu a raba wa sauran. Hujjarsu itace kudin sun yi kankanta har basa isa hannun mawakan, kuma ana amfani da dimbin kananan fayiloli wajen damfara. Akwai gaskiya a maganar damfarar, amma ni ban gamsu da ka'idar ba, mai wakoki 60 da kowacce ke samun 700 yana da masu sauraro na gaske, kuma an share shi. Akwai masu gwada wata hanya, manhajar SoundCloud ta fara a 2021 wani tsari da kudin mai sauraro ke bin mawakan da shi kansa ya saurara, manhajar Deezer kuma tayi nata gyaran tare da Universal a 2023, amma babban tsarin bai canza ba.

Ita kanta wakar ma ta canza kama. Sai an saurari dakika 30 ake kirga kunnawa a Spotify, shi yasa zaka lura wakokin zamani basa bata lokaci da dogon kida a farko, murya ko amshi na shigowa nan take, kuma da yawa basa kai minti uku. Waka mai minti 12 da mai minti 2 kudinsu daya, to ka fada min wa aka cuta, ai masu jaz da kidan gargajiya da na ibada da duk wani salo da yake bukatar a bi shi a hankali kafin ya nuna. TikTok ta kara matse abin zuwa dakika 15 ko 20 da zasu kama kunne, har ta kai mutum ya haddace guntun waka bai san farkonta ba bai san mai ita ba. Ta wani bangaren kuma wannan din ne yake tono tsofaffin wakoki, a 2022 wata wakar Kate Bush ta 1985 ta dawo ta hau saman jadawali a Ingila bayan an saka ta a wani shiri mai dogon zango, yaran da ba a haifa ba lokacin da ta fito su suka daga ta. A sitirimin tsohuwar waka bata karewa a kanta, wanda hakan alheri ne ga mai tsohon aiki, amma ga sabon mawaki yana nufin yana takara ne da duk abinda aka taba rerawa.

Sai maganar wa yake zaba maka. Da mai gabatar da shiri a rediyo ne ko abokinka, yanzu galibi na'ura ce, tun da Spotify ta fito da Discover Weekly, jerin wakokin da na'ura ke zaba maka duk mako, a 2015 kowa ya bi sahu. Na'urar tana duba mutanen da suke sauraron irin abinda kake saurara ta kawo maka abinda su suka ji kai baka ji ba, tana kuma duba inda ka tsallake da inda ka maimaita. In salo yana da masu sauraro isassu a manhajar tana aiki da kyau kwarai, zata iya kai ka lungun da da kanka ba zaka taba isa ba. Amma in bayanan sun yi kadan bata san inda zata ajiye wakar ba, sai ta jefa ta cikin wani katon rukuni kamar wakokin duniya ko wakokin Afirka, kamar duk abu daya ne. Anan harsunan da basu da yawan rubutu a intanet suke shan kashi, sunan mawaki daya a rubuta shi kala uku, a bude masa shafi biyu, a hada wakokinsa da na wani mai irin sunansa, babu rubutattun baituka, babu sunan wanda ya tsara kida. Wannan aikin cike bayanai mutane na raina shi amma rabin nasarar kenan, wakar da aka rubuta sunanta ba daidai ba ko masoyinta na gaske ba zai same ta ba. Kuma yawancin sauraron yanzu na bayan fage ne, jerin wakokin barci, na karatu, na motsa jiki, mutum ya kunna ya shiga harkarsa, in ka tambaye shi wa ya ji bai sani ba. Irin wannan sauraron yana kawo lamba amma baya kawo masoyi.

To ina kananan kasuwannin suke rayuwa? Inda naga suna rayuwa da gaske shine inda aka yi ciniki kai tsaye tsakanin mai waka da mai so. Bandcamp misali ce, mawaki ya saka farashinsa, mai saye ya biya ko ya kara don ransa, shafin ya dauki wajen kashi 10 zuwa 15 cikin dari, saura na mai waka ne, kuma tun Maris 2020 lokacin korona suka fara ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe kasonsu gaba daya. Mutum daya da ya sayi kundinka a can ya fi maka dubban kunnawa. Ga kuma masu biyan wani abu duk wata ta Patreon da makamantansu, ga tikitin wasa, ga riguna, ga faifan garmaho da ya dawo, har a 2022 a Amurka aka sayar da shi fiye da sidi a yawan kwafi, karo na farko tun 1987, kuma masu sayensa da yawa a waya suke sauraron wakar, suna saye ne don su rike wani abu a hannu su kuma tallafi wanda suke so. Kevin Kelly ya yi wani lissafi a 2008 cewa mai fasaha baya bukatar miliyoyi, in ya samu masoya na hakika 1,000 da kowanne zai kashe masa dala 100 a shekara ya rayu. Samun dubun ba karamin aiki bane, kuma adadin kudin ya danganta da karfin aljihun masoyan, amma tunanin daidai yake. Ruwa na kasa sai ga wanda bai tona ba, masoyan suna nan, manhajar ma tana nuna maka garuruwan da ake sauraronka, mawaki zai iya bude allonsa ya ga ashe yana da mutum 400 a wani birnin da bai taba zuwa ba, ya san inda zai kai wasa.

Shi yasa abinda nake fada wa duk wanda nake aiki da shi shine ya saka wakarsa ko'ina, Spotify, YouTube, Audiomack, Boomplay, duk inda mutanensa suke, amma ya dauki wadannan a matsayin inda ake haduwa, sannan ya san yadda zai ja wanda ya hadu da shi zuwa inda zasu iya magana ba dan tsakiya, lambar waya ko imel ko wani zaure nasu. Mabiyan da kake da su a manhaja ba naka bane, ranar da kamfanin ya sauya tsarinsa zaka wayi gari sakonka baya kai musu. Kuma ya ajiye asalin fayilolinsa wuri biyu ko uku, a 2019 MySpace, wata tsohuwar kafar sada zumunta, ta amsa cewa ta rasa wakokin da aka dora tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya rumbun ajiya, ana kiyasin sun kai miliyan 50.

Abinda ke kara dagula lamarin yanzu shine wakokin da kirkirarriyar basira ke hadawa. A Afrilun 2025 Deezer ta ce tana karbar irinsu sama da 20,000 a kullum, wajen kashi 18 cikin dari na duk abinda ake dora mata. Tunda asusu daya ake rabawa, duk kunnawar bogi da aka yi wa irin wadannan daga aljihun mawakan gaske aka cira, a 2024 ma an gurfanar da wani mutum a Amurka bisa zargin ya tara sama da dala miliyan 10 ta hanyar dora dubban daruruwan irin wadannan wakoki yana sa na'urori suna kunna su dare da rana. Wanda na fi tsorata masa shine mai yin kidan bayan fage, na barci da na karatu, domin mai sauraronsa dama bai damu da wanda yayi ba, na'ura zata iya maye gurbinsa ba a lura ba. Mai wakar da ake so don harshenta da muryar mai ita da labarin da ke bayanta yana da dan sauki, domin masoyansa shi suke nema da sunansa.

In kai mai sauraro ne kake tambayar nan kuma akwai wani karamin mawaki da kake so ya dore, to kunna wakarsa kadai bata isa ba. Ka nemo shi da suna, ka bi shafinsa, ka ajiye wakar a jerinka domin na'urar tana lura da hakan ta nuna wa wasu, ka tura wa mutum biyu da ka san zasu so ta, in yana sayar da kundi kai tsaye ka saya, in ya zo wasa kusa da kai ka je ka biya kudin shiga.